Jeren Ƙaramin Ɗaki da Kusurwar Jariri

Da yawa daga cikin ɗakunan da ake kai amare a Kankiya da Kusada ƙafa 12 ne a tsaye, 12 a kwance, wasu ma 10 da 12. Haka abin yake a gidajen haya na cikin garin Kankiya, inda ma'aikatan babban asibiti da malaman makarantar koyon aikin lafiya ke kama ciki da falo, haka kuma yake a manyan gidajen gado na Rimaye da Kafinsoli da Yashe da Mawashi, inda uba ke yanka wa ɗansa wuri a cikin gida a tayar masa da ɗaki. Ɗakin bai ƙaru ba tun zamanin iyayenmu, kayan ne suka ƙaru. Sait ɗin gadon da ake yayi yanzu an zana shi ne don manyan ɗakunan birni, mu kuma sai mu ɗauko shi yadda yake mu cusa a ɗaki ɗaya, bayan shekara guda kuma a nemi inda za a kwantar da jariri a rasa.

Bari mu yi lissafi, don shi ne ke kashe gardama. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 filinsa murabba'in ƙafa 144 ne. Katifa shida-da-shida tana cin 36, amma idan aka sa ta a gado mai allon kai da durowa biyu a gefe, abin ya kai 50. Wadirob mai tsawon ƙafa 6 da zurfin ƙafa 2 ya ci 12, yana kuma bukatar wasu 12 a gabansa don ƙofofinsa su buɗu. Madubi da kujerarsa 12. Gambun ɗakin da kansa yana share kusan 9 idan an buɗe shi. Jimla 95, wato kashi biyu cikin uku na ɗakin ya tafi tun ba a shigo da kujera ko ɗaya ba, ba a kuma yi maganar sho-gilas da firji da akwatunan lefe ba. Abin da ya rage ma ba a dunƙule yake ba, tsilla-tsilla ne a lunguna.

Saboda haka aikin farko awo ne, kuma a yi shi tun kafin a ba kafinta kuɗin kafin alƙalami. Tef ɗin tela ya isa, inci 60 ne, ƙafa biyar ke nan. Wata gwaggo ko yayar amarya ta je ta auno bango huɗun, da tsayin ɗakin daga daɓe zuwa silin, da faɗin ƙofa, da inda taga take, da inda soket yake. Ta kuma auna ƙofar zaure da kwanar da ake karyawa kafin a shiga tsakar gida, don gidajenmu na gado an gina su ne yadda na waje ba zai hango ciki ba, kuma wannan kwanar ce ke tsare wadirob bayan an biya kuɗin akori-kura tun daga Kano. Idan an samu awon, sai a ɗauki alli ko gawayi a zana kowane kaya a ƙasan ɗakin da girmansa na gaskiya, sannan a zaga a gani. Duk hanyar da ba ta kai ƙafa biyu ba, mace mai tsohon ciki ba za ta bi ta cikin daɗi ba. A fara zana wurin sallaya, a zana wurin da mutum ɗaya zai shimfiɗa tabarma ya miƙe, sannan sauran kaya su raba abin da ya rage.

Wannan tabarmar ba ƙawa ba ce. Idan haihuwa ta zo, akwai tsohuwar da za ta zo zaman jego, akwai 'yan barka da za su cika ɗaki har ranar suna, kuma dukansu a ƙasa za su zauna.

Na san inda gizo ke saƙa. Uwar amarya ba ɗakin take aunawa ba, bakin dangin miji da na faccaloli take aunawa, kada a ce an kawo yarinya da ɗan gado kamar marainiya. To amma 'yan ganin ɗaki yini ɗaya suke yi su watse, ita kuwa yarinyar nan za ta kwana ta tashi. Gado huɗu-da-rabi mai kyan aiki, da wadirob mai ƙafa 4 wanda ya miƙe har silin kuma ƙofarsa ta turawa ce, da dogon madubi a manne a bango, duka da gambun ɗaki ba su wuce murabba'in ƙafa 50 ba. Kuɗin da ya yi rara a ƙara shi a kan katifa mai ƙarfi, ko keken ɗinki, ko 'yar sola. Wadda ta nace sai shida-da-shida, to ta haƙura da durowar gefe da faffaɗan allon kai, ta kuma jingina gadon da kusurwa.

Dabarar da ta fi kowace amfani a ƙaramin ɗaki ba sabuwa ba ce, kakanninmu sun riga mu. Ɗakunansu ba su fi namu girma ba, kuma kayansu ba kaɗan ba ne, amma sama suke kai su. Ƙorai a jere, babba a ƙasa ƙarama a bisa, an rufe da faifai masu launi. Ragaya tana reto daga azara da ƙwaryar nono a ciki. Fitila tana cikin alkuki, ba ta tare wa kowa hanya. Da aka shiga yayin langa da kwalla da samira, su ma ɗora su aka riƙa yi har su kusa taɓa rufi, gadon ƙarfe mai rumfa kuwa ƙafafunsa dogaye ne, ƙarƙashinsa ya ɗauke akwati da fanteka. Tsakar ɗaki a share take fes. Wannan tsarin za ki bi da kayan zamani. Ki ce wa kafinta ya ɗaga gadon daga ƙasa kamar inci 14 zuwa 16, ya yi masa manyan durowa a ƙarƙashi ko ya bar wurin a buɗe a tura akwatuna. Ya kafa kanta biyu ko uku a saman bango, daga inda hannun babba ke kaiwa zuwa sama, a jera kuloli da tangaran a can. Saman ƙofa ma wuri ne da ake mantawa da shi, kanta guda a nan tana ɗaukar barguna duk tsawon bazara. Talabijin a rataye, fanka ta bango ta fi ta tsaye.

A bangon bulo ana huda rami a sa fulogi da sukuru. Bangon ƙasa da aka shafe da siminti kuwa ba ya riƙe ƙusa, yau da gobe sai ta zare da kaya a kanta. A nan sai mai gini ya dasa guntun katako mai ƙwari a cikin bangon a ɗaure kantar a jikinsa, ko mai walda ya ƙera kanta mai ƙafafu wadda nauyinta ke sauka ƙasa. Mai zaman haya ta tambayi mai gida kafin ta huda bango. Game da katako, allon MDF yana da sheƙi a shago amma ruwa ne ajalinsa, ƙafarsa na shan danshi sai ta kumbura ta dagargaje. Idan da shi za a yi, a sa masa ƙafafun ƙarfe ko na roba. Inda gara ke yawa, ƙarfe ko jan katako ya fi farin katako kwanciyar hankali.

Kada a manna wadirob da bangon gabas. Daga can hadarin damina ke tasowa, bangon nan ne ke shan dukan ruwa, shi ne kuma ke fara tsattsafo. A bar tazarar yatsu huɗu iska ta riƙa ratsawa, in ba haka ba atamfofin lefe su yi fumfuna a watan Agusta.

Fenti mai haske yana buɗa ɗaki: ruwan madara, ruwan toka mai haske, shuɗi ko kore da aka tsinka sosai. Fari fat yana da kyau ranar farko, amma jar ƙurar hunturu ba ta raga masa. Silin dai a bar shi fari. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, shafi biyu, galan uku na lita 4 sun isa idan fentin na kirki ne. A zaɓi fentin ruwa, a guji fentin mai, musamman ja da rawaya masu ƙyalli, domin a irinsu aka fi samun dalma, kuma yaro mai rarrafe yana ɓantarar ɓawon fenti ya kai baki. Mu a wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba, mun ga abin da gubarta ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma kaɗan ɗinta ma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Haka kujera ko gadon jariri na gwanjo mai tsohon fenti yana ɓarewa, a bar shi a kasuwa. Bangon ƙasa kuwa farar ƙasa ta ishe shi, tana barin sa ya sha iska, ga araha, ana kuma sabunta ta duk shekara. Takardar bango mai zane-zanen da ake yayi ba na ba da shawararta, tana ɗagowa da zafi, bayanta kuma ya zama gidan kyankyasai da kuɗin cizo.

Lokacin yin fenti ma al'ada ta riga ta tsara mana shi. A haihuwar fari yawanci mace gidan iyayenta take tafiya, ba ta dawowa sai ta yi arba'in. Maigida ya yi amfani da wannan tazara: a yi fenti da wuri, a toshe ramukan ɓera, a sa wa taga raga, a bar ɗakin a buɗe makonni har warin ya fita. Ba ranar jajibirin dawowarta ba.

Launi kada ya wuce uku a ɗakin: na bango, na labule da zanen gado, sai guda mai ƙarfi a ƙananan abubuwa irin su matasan kai. Wanda ya shiga Kantin Kwari ya ga yaduka sai ransa ya so kowanne, shi ya sa ake zuwa da launin a rubuce tun daga gida. Labule mai hawa uku da tuntaye da igiyoyi na babban falo ne. A ƙaramin ɗaki, mara nauyi wanda za a cire a wanke duk mako biyu a lokacin hunturu ya fi. Faɗin yadin ya ninka faɗin tagar sau ɗaya da rabi zuwa biyu don ya yi tattara, a kuma kafa sandarsa can kusa da silin, ba a goshin taga ba, sai ɗakin ya ƙara tsayi a ido. Turmin atamfa yadi shida ne, yana fitar da labulen taga ɗaya har a samu rarar rigar matashi, kuma atamfa mai ƙananan zane ta fi mai manyan furanni zama a ɗaki irin wannan. A ƙofa, asabari har yanzu ba a yi abin da ya fi shi da bazara ba: yana tsare ido, iska na wucewa.

Ƙasa kuma tayil ko leda. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango yana shanye ƙura da fitsarin yaro, ba ya kuma fita shanya. Ledar tsakar ɗaki mai kauri, launi ɗaya ko mai ƙaramin zane, sai a ɗora 'yar darduma ko tabarmar kaba wadda za a kakkaɓe a waje. Adon bango ɗaya ya isa, kuma ba sai an sayo furen roba ba. Faifai biyar ko bakwai masu girma daban-daban, a jera su a bangon da ke fuskantar ƙofa, ko ƙwarya mai sassaƙa guda biyu a kan kanta, ko luru a shimfiɗe a ƙafar gado. Ana samun irin waɗannan a kasuwannin ƙauye na yankin nan, da kasuwar Charanci ranar Lahadi, da Kurmi a Kano. Madubi idan ya kalli taga yana ninka hasken ɗaki.

Yanzu ga jaririn. Hotunan da ake gani a waya na ɗakin jariri shi kaɗai, da gado cike da 'yan tsana da matasai, ba tsarinmu ba ne, kuma babu abin da muka rasa. Likitocin yara a Amurka da Ingila ma shawararsu ita ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata shida na farko. Abin da yake bukata kusurwa ce mai murabba'in ƙafa goma zuwa goma sha biyu, a gefen gadon uwa inda hannunta zai kai cikin dare. Kada ta zama ƙarƙashin taga, saboda sanyin hunturu da feshin ruwa da igiyar labule. Kada ta zama ƙarƙashin kanta mai kaya. Kada kuma ta jingina da bangon yamma a ɗakin kwano, wanda ke riƙe zafin rana har bayan isha'i a watan Afrilu.

Idan za a ƙera masa gado, ga awon da za a ba kafinta: faɗi ƙafa 2, tsawo ƙafa 4. Tazarar da ke tsakanin sandunan gefe kada ta wuce santimita 6, don kada jikin yaro ya zurara kansa ya maƙale. Gwajin mai sauƙi ne, idan gwangwanin lemo ya wuce ta tsakani, tazarar ta yi yawa. Tsayin sandunan daga saman katifa ya kai ƙafa biyu. Katifar ta zama mai tauri, ta cika gadon, yadda yatsu biyu ba za su shige tsakaninta da katako ba. A goge katakon sumul, babu kan ƙusa a waje. A ciki kuwa babu filo, babu tulin bargo, babu 'yar tsana, zanen gado ɗaya a ɗame. A kwantar da yaro rigingine. Idan ana sanyi a ƙara masa riga maimakon a lulluɓe shi har ka. Uwar da ta fi son kwana da ɗanta a gado ɗaya, kamar yadda akasarinmu ke yi, ƙa'idar ba ta sauya ba: katifa mai tauri, a nisanta shi da filo da bargon manya, a toshe ramin da ke tsakanin gado da bango, kada kuma a bar yayyensa su kwanta a gefensa. Barci da jariri a kan kujerar kushin shi ne mafi haɗari.

Gidan sauro a lissafa shi cikin jere tun farko, kada ya zama abin da ake ɗaure wa a ƙusar kalanda da hannun wadirob. A nan tsohon gado mai rumfa ya fi na zamani, don ya zo da sandunansa. Mai walda zai iya ƙera siririn firam mai kusurwa huɗu a saman gado, ko a sa ƙugiya huɗu a bango a ja igiya. Da rana a naɗe shi sama, ɗaki ya koma fili. A duba kada fankar sama ta kama shi. Sabon gidan sauro mai magani, irin wanda ake ba masu ciki a wurin awo, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara shiga, wankinsa kuma da sabulu mara ƙarfi, shanyarsa a inuwa. Shi ne madadin turaren sauro da fiya-fiya, waɗanda bai kamata su kusanci inda jariri ke numfashi ba. Maganin ƙwari irin Sniper, wanda NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a 2019, na gona ne.

Kayan jariri ƙanana ne amma suna da yawa, kuma da hannu ɗaya ake ɗaukar su. Kwando uku a kan kanta ɗaya ko durowa ɗaya mai gida uku: riguna da huluna, sai nafkin ko famfas da tsummoki, sai sabulu da mai da auduga. Zannuwan goyo da majanyi a maratayi bayan ƙofa. Kayan barka da suka yi masa yawa a ƙulle su a akwati ƙarƙashin gado, a riƙa fito da su yayin da yake girma. Katin rigakafi a sa shi a leda a wuri ɗaya da kowa ya sani. Wurin sauya masa kaya ba sai an yi teburi ba, leda mai laushi a kan gado ko tabarma ta wadatar, daga ƙasa kuwa ba a faɗowa. Ado a kusurwarsa kaɗan ne ke da amfani, domin sabon haihuwa ba ya gani sosai fiye da santimita 20 zuwa 30, kuma abin da ya fi jan idonsa fuskar uwarsa ce da zane mai baƙi da fari. Faifai guda mai irin wannan saƙa, a kafe shi da kyau a bango inda hannunsa ba zai kai ba, ya fi tarkacen roba masu reto a kansa.

Maganar wuta ita ce wadda tsofaffi ba sa son ji. Ɗakin mai jego an saba ɗumama shi, a rufe ƙofa da taga, a shigo da kaskon garwashi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jariri ne take fara kayarwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi haɗe da yawan shan kunun kanwa. Ɗumi a same shi daga tufafi da rufe kafar da iska ke busowa, a bar wata 'yar kafa a sama a buɗe. Turaren wuta, wanda ɗakin mace ba ya cika sai da shi, a yi shi lokacin da jariri ke waje a goye, a buɗe taga hayaƙin ya fita, ƙamshin zai zauna a labule. Janareta a can nesa da taga. Fitilar dare ta zama mai caji ko ta sola, mai taushin haske, a rataye inda uwa za ta taɓa daga kwance. Kyandir da aci-balbal ba sa haɗa ɗaki da gidan sauro.

Jeren da aka yi wa ɗan kwana arba'in ba zai yi wa ɗan wata bakwai ba. Da ya fara zama yana jan ciki, ki durƙusa ki kalli ɗakin daga tsayinsa, za ki ga abin da ba ki taɓa lura da shi ba: wayar caji a ƙasa, soket a buɗe, filas ɗin ruwan zafi a gindin gado, jakar magani, kwalbar kananzir da ta yi kama da ta lemo, bokitin ruwa a bayan ƙofa wanda ko rabi bai kai ba amma ya isa yaro ya kifa a ciki. Duk su hau kanta ko su fita waje. Sho-gilas, in har akwai, a mayar da shi falo ko a ɗaure shi da bango a kulle ƙofofinsa na ƙasa. Wadirob da durowa ma a ɗaure su da bango da ɗan ƙarfe mai kusurwa, domin yaro mai koyon tsayuwa da su yake dafawa, daga baya kuma ya mai da durowa tsani. Idan gadonsa mai hawa biyu ne, a sauke katifar zuwa hawan ƙasa tun ranar da ya fara kama sanda yana miƙewa.